Ledar da Ke Ƙasan Jaka

Asabar, makon farko na hutu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Wannan littafin lissafina ne na aji shida. Shafuka kaɗan suka rage a baya. Bakina ba ya buɗewa a gaban mutane, to bari in gaya wa takarda.

Yau aka fara. Mako ɗaya gidan Baba, mako ɗaya wajen Mama, har hutun makaranta ya ƙare, mako shida. Haka aka rubuta a takardar da ke hannun Mai Gilashi, tsohon da ke yanka gilashin taga a bakin titi. Tun da Baba da Mama suka rabu, shi kaɗai ne su duka biyun suke gaisawa da shi. Shi ya sa a ƙofar shagonsa ake miƙa mu, ni da ƙanwata Auta, kowace Asabar ƙarfe huɗu.

Mama ta tsaya wajen famfo. Baba ya tsaya jikin turken wutar lantarki. Taku goma sha huɗu ne tsakaninsu, na ƙirga. Ni ce mai kai saƙo.

Mama ta ce, "Ki ce wa ubanku kada a bar ta tana yawo ba takalmi, tunda can ba mai lura."

Na taka na je. Na ce, "Baba, Mama ta ce takalman Auta suna cikin jaka."

Baba ya ce, "Uwata, ki ce wa uwarku ba yau na fara haihuwa ba." Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na dawo. "Mama, Baba ya ce to."

Mai Gilashi ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce, "Tafinta, sannu da aiki. Na ga magana tana narkewa a hannunki kamar ƙanƙara."

Na sunkuyar da kai.

Jaka ɗaya gare mu mu biyu. A can ƙasa, ƙarƙashin kayanmu, ledar take. Ba wanda ya sani.

Lahadi, ƙarfe shida na safe

Ta yi.

Lahadi, bayan azahar

Bari in rubuta shi sau ɗaya, daga nan ba zan sake rubuta sunansa ba. Auta tana fitsarin kwance. Shekararta shida. Ta daina tun tana uku, sai ya dawo a makon da aka zo da mota aka kwashe kayan Mama.

Ledar, na yanko ta ne daga wadda ake naɗo yadi da ita a shagon ɗinkin Mama. Tana da faɗi, da rubutu shuɗi a gefe ɗaya. Ina shimfiɗa ta a kan katifa, in ɗora tsohon zani don kada ta yi ƙara, sannan zanin gado. Kafin kowa ya tashi na wanke, na shanya a bayan ɗaki.

Dalilin da ya sa nake ɓoyewa: ranar Asabar ta ƙarshe za a zauna a yanke inda za mu zauna idan an koma makaranta. Na ji Baba yana gaya wa Goggo, yayarsa da ke yi masa girki yanzu, cewa idan ya ga alamar ba a kula da ƙaramar, zai ɗauke ta, babbar ta zauna ta taya uwarta ɗinki. Na kuma ji Mama tana gaya wa wata mai kawo ɗinki cewa idan gidan can ya taɓa mata Auta, ba za ta sake taka shi ba, ya riƙe babbar tunda sabuwar makarantarta ta fi kusa da shi.

Ko wane ne ya gani, raba mu za a yi.

Auta ba ta barci sai ta riƙe bakin rigata.

Talata, ƙarfe shida saura

Ta yi. Ruwan famfo da sanyi.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Ɗakinmu na nan yadda muka bar shi, sai dai a falo akwai wani fari mai kusurwa huɗu a jikin bango inda kabad ɗin Mama yake a da. Baba ya jingina kekensa a wurin, amma bai rufe ba.

Goggo tana da ido. Ta ga zanin gado a igiya ta ce, "Ke kuma kullum wanki, kamar matar mai otal?"

Na ce zufa ce.

Ta ce, "Zufa. To Allah ya sa tsabtar ta ɗore har gidan miji."

Auta ta jawo ni bayan ƙofa ta ce, "Yaya, kada ki faɗa." Na ce ba zan faɗa ba. Ta ce in rantse. Na rantse.

Juma'a, da yamma

Baba ya kai mu wurin aikinsa. Ya ce kada mu kalli wutar walda, mu juya baya. Muka zauna a kan wata ƙofar ƙarfe da ba a gama ba, muna kallon inuwarmu tana tsalle a bango. Ya saya mana lemo. Auta ta shanye nata ta fara nawa. Na ƙwace, ta yi kuka, Baba ya ce, "Haba Uwata, rowa ga ƙanwarki?" Ƙarfe biyar ta wuce, kuma duk abin da ta sha bayan biyar ni zan wanke shi.

Asabar, mako na biyu, bayan la'asar

Taku goma sha huɗu, sau shida. Baba ya ce yarinya ta zo masa a rame. Na kai wa Mama cewa Baba ya ce Auta ta ci abinci sosai. Mama ta ce an bar kan yarinya kamar sheƙar tsuntsu. Na kai wa Baba cewa Mama ta gode.

Yanzu muna ɗakin Mama, bayan shago. Ɗaki ɗaya ne. Mama a gado, mu a katifa a ƙasa, keken ɗinki a tsakani. Nan ya fi wuya, don komai a gaban idonta yake. Sa'ar da na ci, Mama da nauyin barci. Ko bokiti ya faɗi ba ta motsawa.

Litinin, da asuba

Ta yi. Mama ta juya fuskarta bango, ba ta farka ba. Alhamdu lillahi.

Laraba, ƙarfe biyu

Yini ina tsinke zare da ɗinke maɓalli. Wata mai kawo ɗinki ta tambaye ni wajen wa na fi son zama. Na kalli almakashi. Ta ce, "Wannan 'yar taki kurma ce?" Mama ta ce, "Kunya ce, haka Allah ya yi ta." Sai matar ta juya ga Auta ta yi mata tambayar. Auta ta ce, "Wajen Yaya." Suka yi dariya har matar tana dukan cinya.

Ni ban ga abin dariya ba.

Juma'a, da safe

Ba ta yi ba! Na taɓa ko'ina, a bushe. Na rasa abin da zan yi da safiyar, na zauna ina kallon hannuna. Bayan yatsuna duk ya tsattsage saboda sabulu.

Ledar ta yage a kusurwa. Zan lallaɓa.

Lahadi, mako na uku, gidan Baba, ƙarfe shida

Ta yi.

Da na fito na tarar da bokiti cike da ruwa a ƙofar ɗakinmu, da sabulu sabo a kan murfi. Ruwan da ɗumi-ɗumi. Wataƙila Baba ya haɗa na wankansa ne ya manta. Na yi amfani da shi, Allah ya yafe mini.

Talata, da hantsi

Yau ma bokitin. Goggo ta ce ƙaninta ya fara zaucewa, yana dafa ruwa yana barinsa a hanya, ga shi kullum da sassafe sai ya aike ta sayen burodi kamar yarinya, alhali akwai na jiya. Ta ce, "Rashin mace ne yake taɓa shi."

Ni dai fitar Goggo tana yi mini daɗi. Kafin ta dawo na gama shanya.

Alhamis

Na gaji. Ba abin da ya faru, na dai gaji.

Asabar, mako na huɗu, ƙarfe biyar

Yau sau huɗu kawai na taka. Mai Gilashi ya ba Auta wani ɗan guntun madubi da ya goge bakinsa. Ya ce mini, "Tafinta, barci kike a tsaye. Aikin gadi kika samu?" Na ce a'a. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Saura uku." Makonni yake nufi. Kamar ban sani ba.

Litinin, bayan azahar, shagon Mama

Wani abu. Yagewar da ke kusurwar ledar babu ita. Kuma ina ganin rubutun gefen shuɗi ne a da, yanzu ja nake gani. Na juya ta, na sake juyawa. Ko dai idona ne. Jiya ma na zuba gishiri a shayi.

Laraba, da safe

Ta yi. Ta farka tana kuka ba sauti, ta ce, "Yaya, ban ji ba, wallahi ban ji ba." Na ce na sani. Na ce ta yi shiru kada Mama ta tashi. Mama tana kwance, bayanta gare mu, ko motsi.

Wani lokaci ina jin haushin Auta. Na rubuta, kuma ba zan goge ba. Ƙawayena suna hutu, suna zuwa ganin sabuwar makaranta daga waje, suna gwada takalma. Ni ina sanin ko za a yi rana ko hadari, don zanin gado.

Juma'a, da yamma

Mama ta gwada mini yadin rigar makaranta. Tef yana wuyanta, allura a bakinta, ta ce, "Kin yi tsawo ban sani ba." Ta kama hannuna za ta auna, ta ga yatsun. Ta riƙe su. Na zaci za ta yi tambaya. Sai ta saki, ta ɗauko man shafawa ta ajiye kusa da ni, ta koma kan keke.

Asabar, mako na biyar, gidan Baba, bayan magariba

Babu ledar.

Na zazzage jakar sau uku. Ni da hannuna na naɗe ta na sa a ƙasa da safe, kafin wata mai ɗinkin kayan biki ta shigo tana ɗaga wa Mama murya har muka kusa makara. Na tabbata na sa.

Na tsaga ledojin cefane guda biyar na jera.

Lahadi, ƙarfe shida

Sun zame. Ya shiga katifa. Na goge, na juya ta.

Litinin

Na hana ta ruwa tun la'asar. Ta ce ni muguwa ce. Duk da haka ta yi. Ɗayan gefen ma ya tafi.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Shi ke nan.

Baba ya fita tun duhu, zai kafa ƙofa a wani gini, ba wanda ya aiki Goggo burodi. Ta shigo ɗakinmu neman tsintsiya, ta tsaya, ta ja hanci. Ta yaye zanin gado.

"Inna lillahi! Shekara shida? Ashe wankin otal ɗin ke nan!"

Ta ja katifar har tsakar gida ta jingina a rana, tabon a waje, kowa ya gani. Auta ta shige bayan ƙofa. Goggo ta ce ba laifin yarinya ba ne, laifin inda aka bar yara a ƙasa kamar 'yan kaji ne, uwa na can tana bin ɗinkin mutane. Ta ce ranar Asabar da ƙafarta za ta je wajen Mai Gilashi.

Na so in ce ba haka ba ne. Bakin bai buɗe ba.

Laraba, da yamma

Baba ya dawo ya ga katifar. Ya tsaya a gabanta da jakar kayan aikinsa a hannu, ya daɗe. Goggo tana ta bayani. Ya ce, "Yaya, ki bar maganar nan a gidan nan."

Ta ce, "In bar ta? An ba ka hujja a hannu kana cewa in bar ta?"

Ya ce, "Na roƙe ki."

Bai kalle ni ba. Shi ya ɗauki katifar ya mayar ɗaki da kansa.

Juma'a

Na naɗe kayan Auta daban, nawa daban, don in ga yadda zai kasance. Nata ko rabin jakar bai kai ba. Na sake haɗa su.

Asabar, ƙarfe shida na yamma, ɗakin Mama

Zan rubuta yadda ya faru.

Goggo ta bi mu. Ba ta jira tafinta ba. Daga jikin turken ta ɗaga murya yadda har mai faci na tsallaken titi ya juyo. Ta ce a zo a ga tarbiyya, yarinya ta ruɓar da katifa sabuwa, a can aka koya mata.

Mai Gilashi ya ajiye abin yankansa ya ce, "Auta, zo ki riƙe mini wannan madubin a ciki, ya fi ƙarfina." Ya shige da ita ya turo ƙofa.

Na jira Mama ta rama. Ba ta rama ba. Fuskarta ta canza, ta ce a hankali, ba ni take kallo ba, Baba take kallo:

"A gidanka ma tana yi?"

Baba ya saki turken. Ya ce, "A wajenki ma?"

Wata biyar ke nan ban ji sun yi wa juna magana ba.

Mama ta ce ita ta zaci a ɗakinta kawai ake yi, saboda ƙunci da kwanan ƙasa, ta ji tsoron ya sani ya ɗauke ta. Baba ya ce shi ya zaci a gidansa kawai ne, don babu uwa a ciki, ya ji tsoron ta sani ta hana ta zuwa. Mama ta ce ita ta sauya ledar da ta yage. Ta ce ranar Asabar ma ita ta cire, za ta sa mai kauri, mai kayan biki ta shigo, ta manta; ta ɗauka ɓoye mata ledar kawai nake yi a jakar. Baba ya ce shi yake dafa ruwan.

Goggo ta ce, "Au, ni kaɗai ce baƙuwa ke nan? Ni da burodi?"

Ina tsaye a tsakiya, taku bakwai nan, bakwai can. Ashe Mama ba ta da nauyin barci. Ashe idonta biyu, bayanta gare ni, tana jin ƙarar bokitina.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Kullum take yi. A ko'ina. Tun ranar da mota ta zo." Muryata ta fita da ƙarfi, ni kaina na tsorata. Na ce, "Kun sani, kuka bar ni." Na ce, "Idan kuka raba mu, wa zai wanke? Rigar wa za ta riƙe?" Na nuna musu hannuna. Na ce, "Na gaji."

Daga nan sai kuka, a bakin titi, gaban mai faci da kowa.

Baba ya ce, "Uwata." Mama ta rufe fuska da mayafi.

Mai Gilashi ya leƙo ya ce, "Yau tafinta ta kai saƙo cikakke. Ku shigo ku zauna, benci ɗaya gare ni, sai ku yi haƙuri da juna."

Lahadi, da rana

Auta ba ta yi mini magana. Ta ji ta cikin ƙofa. Ta ce, "Kin rantse." Na ce Goggo ce ta fara. Ta ce, "Amma ke kika ce kullum."

Gaskiyarta.

Talata, bayan azahar

An kai ta asibiti. Su biyun suka je, Baba a wannan ƙarshen benci, Mama a wancan, mu a tsakiya. Likitar ta ce ba ciwo ba ne, tsoro ne, zai wuce idan hankalinta ya kwanta, kada a yi mata faɗa, kada a hana ta ruwa da rana. Ta tambayi wa ke kula da ita da safe. Ta kalli hannuna ta rubuta wani mai.

A hanyar dawowa Auta ta kama bakin rigata.

Asabar ta ƙarshe, ƙarfe shida saura

An zauna. Ba a sa mu a ciki ba, muna waje muna wasa da guntun madubi. An ɗaga murya sau biyu. Ba su shirya ba, kuma ba na jin za su shirya, na daina sa rai.

Mai Gilashi ya fito ya karanta mana takardar. Ranakun makaranta wajen Mama, Juma'a da yamma zuwa Lahadi gidan Baba. Baba zai riƙa kai ni makaranta a keke tunda da nisa. Layi na ƙarshe shi ya sa aka ƙara: duk inda ɗaya ta kwana, nan ɗayar za ta kwana. Kuma duk mai magana ya faɗa da bakinsa, ba aike.

Ya ce, "An sallame ki daga aiki, Tafinta."

Goggo ta aiko da leda mai kauri, ta ce ta gidan Baba ce, a can za ta zauna. Mama ma ta yanka tata ta yi mata kalmasa. Jakar ta koma ta kaya kawai.

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Shafi na ƙarshe. Yau za a koma makaranta, rigata tana rataye a jikin keken ɗinki.

Ta yi.

Na farka lokacin da na saba, na miƙa hannu zan yaye zanin. Babu shi. Auta tana kwance a kan busasshe, da wata rigar. Daga waje ina jin famfo yana zuba a bokiti, da tarin Mama.

Na tashi zaune. Ƙafata har ta nemi takalmi.

Sai na koma na kwanta.